Gayyar Kwatar Chikaji

Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar Baba? Ina fatan Othniel ya daina gudun gona. Ni lafiya lau a Samaru, sai ɗan zazzaɓin da bai kai a faɗa ba.

Mama, mun yi nasara! Malaminmu a jami'a ya ce ba a allo ake koyon shugabanci ba. Ya tura mu unguwar Chikaji mu yashe kwatar da ke mayar da ruwa gidajen mutane duk damina, kuma ni aka sa a gaba. Da farko takardar sanarwa muka manna a bango, muka zo da shebur. Ko mutum ɗaya bai fito ba, sai leƙe ta taga. Chinwe, abokiyar ɗakina, har kuka ta yi.

Sai na tuna yadda kike kiran gayya a Kachia. Na bi gida-gida, na durƙusa na gaida mai unguwa da liman da fasto, sannan na dama kunu babbar tukunya. Ranar aiki makanikai suka rufe gareji, mata suka fito da kwanduna. Shekaranjiya aka tafka ruwa, bai shiga ɗakin kowa ba.

Hannuna duk ya yi kanta, amma kada ki damu. A aiko mini da citta, kunu ya cinye tawa. Allah ya ƙara miki lafiya.

Ki gaya wa Baba, 'yar da yake cewa ba ta iya riƙe fartanya ba, yau a Chikaji uwar gayya ake kiranta.

'Yarki,
Tabitha