Yaƙin da Aka Ci da Rijiya

Daren Alhamis, Sule Tankarkar

Yau Malam Habu, shugaban sashenmu na tarihi, ya so ya kunyata ni a ɗakin malamai. Wai don me nake ɓata wa ɗalibai lokaci da labarin tsohuwa, wato labarin yaƙin da kakata ta ba ni, alhali yaƙe-yaƙen Turawa ake tambaya a jarrabawa? Abin ya tsaya mini a rai.

Bayan la'asar na hau babur sai Ɗanzomo, wajen kakata Iya. Na same ta tana ɓarar gyaɗa, na roƙe ta ta maimaita mini labarin.

Ta ce, "Kakanninmu ko bindiga ɗaya ba su da ita. Da suka ji mayaƙan Damagaram na tafe, sai suka rufe rijiyoyin gari da itace da ƙasa, suka kora awaki a kai har alama ta ɓace, suka shige daji. Kwana biyu dawakin baƙi na tonon ƙasa da kofato. A na uku suka juya."

Na ce, "Iya, an ce tatsuniya ce."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wanda ya faɗa, a kai shi dajin Maigatari cikin bazara babu gora. In ya dawo ya sake faɗa."

Tun a hanya nake dariya. Gobe in Allah ya kai mu, da guga zan shiga aji. In Malam Habu ya leƙo, ya nuna mana sarkin yaƙin da ya taɓa kayar da ƙishirwa.