Kifayen Baba a Cikin Bango

Lokuwa, Mubi

Hamma Bello,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da Adda Maryam da yara. Yaya aiki, yaya sanyin Jos? Mu nan mun gode Allah, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Maganar akwatin kifin nan ce na gilashi, wanda ka sa aka gina cikin bangon falo don Baba ya riƙa kallo tunda ƙafa ta hana shi fita. Ya yi kyau, amma ka hana magini barin ƙofa don kada ta ɓata fuskar bangon. 'Yar kafar da ya bari a sama, abinci kawai ke shiga.

Ranar Talata injin da ke ba su iska ya tsaya. Ruwan ya yi kore, biyu sun mutu sun nutse tsakanin duwatsu, hannuna kuma ba ya kaiwa. Baba a gabansu yake wuni. Jiya ya ƙi cin tuwo, ya ce mini, "Hauwa, su ma an rufe su ne, suna jiran lokacinsu."

Magini ya ce zai fasa ta baya, ta cikin sito, ya sa ƙofar katako, falo ba zai canza ba. Amma gilashin na iya tsagewa, don haka ba zai taɓa ba sai da izininka. Na yi ta kiran wayarka ba ta shiga. Don Allah ka amsa da wuri, kada Baba ya wayi gari ya tarar ba sauran mai motsi.

Ka sa shi a addu'a, ka gaishe mini da kowa.

Ƙanwarka,
Hauwa