Cokalin Malam Iro

Laraba bayan Isha'i, Yuli 1974

Yau Malam Iro ya ci mini mutunci a wurin ciyayya. Tun kafin yaƙin basasa muke haɗa kwanukan tuwonmu a ƙofar gidansa, mu shida, kowa da hannu yake ci. Na wanke hannu ke nan sai ya zaro cokali daga aljihu ya miƙo mini. "Malam Sani, saboda ƙurajen nan ne, kada ka ji komai."

Daga aljihu! Ashe da shirinsa ya fito. Kuma sauran suka ci gaba da cin tuwonsu, munafukai.

Na dawo ɗaki, cokalin na hannuna ban ma sani ba. Na yi ta jan carbi a hankali har raina ya kwanta. Na gasa kullutun da ke bayan hannuna da ruwan ɗumi, na shafa man asibiti, na yanke farce don kada in sosa cikin barci. Likita ya ce ba a ɗauka. Sau nawa zan faɗa musu?

Gobe maiɗakina za ta yi dambun zogale, wanda Iro ke lashe kwano a kansa. Ni zan fara sa hannu, sannan in miƙa masa cokalinsa.