Tsohuwar da Na Zana

Ya sanyin idona, farin watana, inuwar da nake fakewa idan rana ta take!

Jiya kin fita daga shagona ranki a ɓace, kin bar mini ƙamshin turarenki da takardar da kika jefar. Haba, abar ƙaunata! Kin daɗe kina roƙona in zana ki ina zillewa, har kika ce, "Kowa ka zana, ni ce ban isa ba ko?" Da na zana kuma, sai ga tsohuwa tukuf, kai fari fat, baki ba haƙori, tana dariya. Kika ce na mayar da ke abin ba'a.

Saurare ni. Sana'ata ƙarin gishiri ce: in ga hanci in ja shi, in ga kunne in faɗaɗa shi, mutane su ƙyalƙyale. Ba na farawa da fensir, ba na gogewa. Inda tawada ta gudu, nan nake bi. Kin tuna telan da ke maƙwabtaka da ni, wanda na karkata wa baki a zane, muka sha dariya har kika riƙe ciki? Ba a jima ba ɓarin jikinsa ya shanye, bakin ya karkace daidai yadda na ja shi. Na ce tsautsayi ne. Sai mai askin layinmu, da na zana masa idanu a rufe don tsokana. Yau da sanda yake lalubar hanya.

To ke fa, raɓar safiyata? Da wane hannu zan taɓa fuskarki? Shi ya sa na zauna ina ja miki tamoji ɗaya bayan ɗaya, ina addu'a, na ba ki furfura, na cika miki cinya da jikoki. Tsawon rai na roƙa miki!

Ga abin da ban gaya miki ba. Na so in zana kaina a gefenki, tsoho mai ƙusumbi. Na tsoma alƙalami na ja, wurin ya zauna fari tas. Na sauya alƙalami, na sauya kwalba. Tawadar tana kama farcena, tana kama tebur, gefenki kawai ta ƙi. Na ajiye alƙalamin.

Ki dawo, don Allah, kada ki bari sai gobe! Ban san abin da ya rage mini ba, amma duk naki ne.

Naki, ina numfashi ko na daina,
Mai zanenki