Goron Lasina Da Aka Mayar Sau Biyu

Zuwa ga Baba Alhaji, Shugaban Kwamitin Dattawan Hausawa na unguwarmu, Adjamé Saint-Michel, da sauran iyayena da ke zama tare da shi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga iyayenta, ina fata kuna lafiya, ya kasuwa, ya iyali. Ni ce Hadiza, 'yar marigayi Malam Idi mai nama, matar marigayi Alhaji Mamman. Shekarata hamsin da uku, ina da jikoki. Na rubuto a fili ne domin sau uku ina neman ganinku ana ce mini mace ba ta shiga zaman kwamiti.

Na farko, ina so in tuna muku abin da ya wuce.

Ina da shekara ashirin Inna ta aike ni unguwar Treichville in kai ɗinkin Sallah. Telanmu bai fito ba, sai maƙwabcinsa ya karɓa, wani saurayi ɗan ƙabilar Jula mai suna Lasina. Hausarsa a lokacin ba ta wuce "sannu" ba, ni kuma Julancina na kasuwa ne. Ɗinkin kwana uku ya zama na mako uku, kullum sai ya ce akwai gyara a wuya. Ban taɓa zuwa ni kaɗai ba, Anti Rabi matar yayana ke raka ni. Idan za mu koma yakan tako da mu har tashar mota ta Gare de Bassam, ya saya mana kwakwa, ya tsaya sai motarmu ta tashi. Har yau in na hau gada na hango ruwa, da jiragen da ke jiran shiga tashar ruwa, waɗannan yammacin nake tunawa. Cikin shekara ɗaya ya koyi Hausa wajen mahauta, don kawai ya gaida mahaifina da harshensa.

Ya aiko baffanninsa da goro. Kai, Baba Alhaji, lokacin kai ne magatakardan kwamiti, kuma kai aka turo gidanmu da amsa. Ina bayan labule na ji ka ce: "Yaron ba shi da aibu, muna salla sahu ɗaya. Amma mu baƙi ne a ƙasar nan, wata rana gida za mu koma, ba za mu bar 'yarmu a baya ba."

Ban yi gardama ba, ba wanda ya ɗaure ni. Na auri Alhaji Mamman, mutumin kirki, muka yi shekara ashirin da tara bai taɓa ɗaga mini murya ba. Allah ya jiƙansa. Amma Baba, wa ya koma gidan? Mahaifina a Abidjan aka binne shi, haka Inna, haka mijina. 'Ya'yana da Faransanci suke faɗa da juna, garinmu Tawa kuwa a hoto suka san shi.

Na biyu, abin da ake ciki yanzu.

Tun da na fita takaba yayyena ba su bar ni na huta ba. Yaya Sani kullum maganarsa ɗaya: "Hadiza, zama haka ba mutunci ba ne, mutane suna magana." Sun kawo mini dillalin shanu, sun kawo mini mai manyan motoci. Ban ƙi aure ba. Na ce musu akwai wanda nake so.

Bara 'yata Zainabu ta kai ɗinkin suna Treichville, ba ta san komai ba. Tsohon telan ya dube ta ya ce, da Hausa tsaf: "Ke jikar Malam Idi ce?" Da ta dawo tana ba ni labari tana dariya, sai na zauna a bakin gado, na san Lasina ne. Matarsa ta rasu shekara biyar da suka wuce. Shagon yana nan inda na san shi.

Bayan ƙaramar Sallah ya aiko ƙannensa biyu da limamin unguwarsu. Kun bar su a benci a ƙofar masallaci tun la'asar har magariba, sannan aka aiko a ce musu shugaba ya yi tafiya, alhali mutane sun gan ka a sahun gaba. Goronsu ya koma a ɗaure kamar yadda ya zo. Wannan ne karo na biyu. Yaya Sani kuma ya ce ba zai yi mini waliyyi ba sai kwamiti ya yarda.

Na uku, roƙona.

Ku karɓi mutanen nan ranar Juma'a mai zuwa, ku ba su wurin zama da ruwan sha, kamar yadda iyayensu suka ba iyayenmu wuri da suka sauka garin nan ba su san kowa ba. Idan akwai aibu a addininsa ko halinsa, ku faɗa a gabansa. Idan babu, ku kira Yaya Sani ku sauke masa wannan sharaɗi. Na tambayi malamai, sun ce bazawara ita ke da ta cewa a kan aurenta. Zan iya zuwa wajen wani limamin a ɗaura, amma ba na so. A hannunku na girma, a gabanku nake so a yi.

Lasina ya haura sittin. Zainabu ta ce idonsa ya yi rauni, sai ya daɗe yana lalube kafin zare ya shiga allura. Nawa idon da sauransa, Baba. Ku bar ni in je in riƙa zura masa.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya jiƙan iyayenmu da ke kwance a ƙasar nan, ya sa ku gama da duniya lafiya.

Wassalam.

'Yarku,
Hadiza Idi
Adjamé, Abidjan