Ƙafar Amalanke Tana Cikin Rumbu

Kawu,

Na wuce Bengu kafin ka dawo daga masallaci. Jiya ina sauke wa fatake goro a bakin kogi, na ji wani gardi yana cewa yau za a kwashe amalanken haya duka, a kai su jidar dutse a hanyar Nasara. Ka tuna na Yakuba da aka kai bara, katako kawai ya dawo.

Na cire wa namu ƙafa ɗaya, na cusa ta ƙarƙashin damman gero. Kada Ajuma ta buɗe rumbu yau, ta dafa shinkafa.

In gardin ya zo, ba sai ka yi ƙarya ba. Nuna masa amalanken kawai. In ya nace, ka ce bismilla, ya ɗauka a ka.

Bawa