Harawar da Aka Sauke Daga Kan Ɗakin Mahaifiyata

Magdalena Davou,
Gida mai lamba 14, Layin Ƙarshe,
Rukunin Gidajen Ƙananan Ma'aikata,
Takur, Dutse.
9 ga Afrilu, 1997.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Tsafta da Ƙawata Rukunin Gidajen Ƙananan Ma'aikata,
Takur, Dutse.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SAUKE HARAWA DAGA RUFIN GIDA MAI LAMBA 14 DA HALIN DA WANNAN YA JEFA MAJINYACIYA A CIKI

Bayan gaisuwar ban girma da fatan kana cikin ƙoshin lafiya tare da iyali, ina neman izinin gabatar da ƙorafina a kan Sakataren wannan Kwamiti, Malam Ɗanmusa. Ni mai buga tafireta ce a ɗaya daga cikin ma'aikatun jiha, ƴar asalin Kuru ta ƙasar Jos, kuma ina zaune a wannan gida tun da aka dawo da mu Dutse daga Kano. Na buga wa mutane takardun ƙorafi da yawa, na kuma san inda akasarinsu suke kwana. Duk da haka na rubuta, domin an ce babu mugun sarki sai mugun bafade, kuma ina kyautata zaton ba ka san abin da aka yi da sunanka ba.

1. Mahaifiyata tsohuwa ce mai shanyewar ɓarin jiki. Ba ta tashi, ba ta juyawa sai an juya ta, maganarta ma sai wanda ya saba da ita yake ganewa. Na ɗauko ta daga gida shekara uku da suka wuce saboda ba wanda zai kula da ita a can. Mace ce da ta tsufa a garin da ake lulluɓa da bargo har a watan Afrilu. Mai Girma ya san gidajen nan namu: kwano ne tsirara, babu silin, taga ɗaya ce kamar ta kurkuku. Ya kuma san bazarar Dutse, yadda duwatsun nan suke wuni suna shan rana, su kwana suna amayar mana da ita. Fanka muna da ita, tana nan rataye tana tara yana, domin wutar lantarki baƙuwa ce a layinmu. Masu lafiya kan fito da tabarma tsakar gida. Mahaifiyata ba ta da wannan gata, musamman da rana lokacin da nake wurin aiki.

2. Bazarar farko ta kusa tafiya da ita. Wanda ya cece mu shi ne Baba Idirisu, manomi daga wani ƙauye a bayan rukuninmu, wanda yake kawo mana itace. Da ya leƙa ɗakin ya ji hucinsa, sai ya ce ai a garinsu ba a barin rufi haka. Su bayan girbi sukan ɗaure harawar wake da ta gyaɗa su jibge ta a kan ɗaki, awaki ba su kai gare ta ba, gara ba ta ci ba, na cikin ɗaki kuma ya sami inuwa biyu. Muka yi shawara: shi ya sami wurin ajiye abincin shanun huɗarsa, ni na sami sanyin ɗaki. Yakan bar ta har zuwa faɗuwar ruwan farko, sannan ya kwashe. Bazara biyu muka yi haka, ga ta uku muna ciki. Ba na cewa ɗakin ya koma Jos, amma mutum yana iya ɗora hannu a kan ƙarfen gado da azahar bai janye ba, ruwan randa yana wuni da sanyinsa, mahaifiyata kuma tana samun barcin rana.

3. Ranar Asabar, 29 ga Maris, ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata, kuma jajiberin Ista a wurinmu, Malam Ɗanmusa ya iso ƙofar gidana da leburori da motar a-kori-kura. Babu takardar gargaɗi, babu sallama ta kirki. Ina tsaye da tsintsiya a hannu ya nuna rufin da bakin bironsa ya ce, "Madam, nan babban birnin jiha ne, ba ƙauye ba. Manyan baƙi suna wucewa ta titin nan." Ranka ya daɗe, layinmu shi ne na ƙarshe, bayansa sai gonaki. Babban baƙon da na taɓa gani ya bi ta nan shi ne jakin mai tallan gawayi.

Na yi masa bayanin majinyaciya. Na roƙe shi ya shiga ya gani da idonsa. Ya tako har bakin ƙofa, ya toshe hanci da hankici, ya koma da baya. Daga nan ya sauya dalili, ya ce harawa tana jawo gobara. Na nuna masa murhuna, yana can ƙarshen tsakar gida, nesa da ɗakin. Bai ko waiga ba. Leburori suka hau kwano da takalmansu, suna dirka ƙafa a daidai kan matar da ba ta iya ko ɗaga hannu ta kare fuskarta daga tsatsar da take zubowa. Abin da kawai na iya yi shi ne na tsaya a waje ina ce musu su yi a hankali, su fara ta wancan gefen. Suka loda harawar kaf a mota. Malam Ɗanmusa ya ce za a kai ta ajiyar Kwamiti.

4. Ranar Alhamis, 3 ga Afrilu, na je gidan Malam Ɗanmusa da ke Yalwawa domin in sake roƙonsa. Ba ya nan. Maiɗakinsa, baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ta shigar da ni ciki ta ba ni ruwa. A nan na ga ajiyar Kwamiti. Tana jibge a jikin bangon madafa, kusa da murhu, inda ga alama gobara ba ta san hanya ba. Ragunan layya uku suna ɗaure a gabanta suna ta aiki. Kada a ce duk harawa ɗaya ce: tsohon zanena na zumuntar matan coci na yayyaga na ƙara ɗaure dammunan da shi saboda iska, kuma ga tsummokaransa nan ƙarƙashin kofaton rago, cikin kashi da fitsari. Ashe kura aka ba ajiyar nama.

Ban yi hayaniya a gidan mutane ba. Na gode wa matar, na fito. Ban taɓa jin ƙyamar wani aiki irin wannan ba. Na zauna da maƙwabta Musulmi shekara da shekaru, na ci naman Sallarsu, na san abin da layya take nufi a wurinsu. Ban san inda aka ce a kiwata ragon ibada da inuwar tsohuwa marar lafiya ba.

5. Baba Idirisu ya zo ya tarar da rufi fayau. Dattijo ne, bai ɗaga murya ba. Ya kalli kwanon, ya ce, "Ƴata, shanu sa ci kara. Ita tsohuwar fa?" Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

6. Ga halin da ake ciki yanzu. Daga hantsi ɗakin yake komawa tanda. Na jiƙa zannuwa na rataye a taga, kafin in kai bakin titi sun bushe. Ina yayyafa wa daɓe ruwa, ina jiƙa tawul in ɗora mata a goshi, in yi ta fifita da mafici har hannuna ya sage. Ƙurajen zafi sun feso mata daga wuya har ƙugu, bayanta ya fara salewa, kuma ma'aikaciyar jinyar da ta duba ta ta gargaɗe ni cewa in ya zama gyambo a jiki irin nata ba ya warkewa. Na gwada shimfiɗa zana a kan rufin, Malam Ɗanmusa ya aiko a ce mini ita ma ƙazanta ce, kuma in na maimaita zan rasa gidan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a rukuninmu wanda bai taɓa kwana a ɗakin ba shi yake yanke hukuncin rufinsa.

7. Wannan shi ne mafi nauyi, kuma na daɗe a gaban tafireta kafin na iya buga shi. Mahaifiyata ba ta ga Malam Ɗanmusa ba, ba ta san akwai wani abu wai shi Kwamiti ba. Abin da ta ji daga kan gadonta shi ne takun mutane a kan rufi, da muryata a waje ina nuna musu inda za su fara. Saboda haka ta yanke a ranta cewa ni na sa a kwashe, wai na gaji da jinyarta, ina so zafi ya kore ta ko ya ƙarasa ta. Na rantse mata, na durƙusa, na ɗauko Littafi Mai Tsarki, ta kawar da kai. Tun daga ranar ba ta karɓi ko kurɓin ruwa daga hannuna ba. Maƙwabciyata, Malama Adawiyya, ita take shigowa ta ba ta ruwa da kunu, Allah Ya saka mata da alheri. To Malama Adawiyya za ta tafi garinsu hutun Sallah ranar Talata mai zuwa.

Bisa ga waɗannan dalilai, ina roƙon Mai Girma cikin ladabi:

(a) Ya ba da umarni a mayar wa Baba Idirisu abin da raguna suka rage, tun kafin su kai ƙarshensa.

(b) Ya ba ni izini a rubuce in rufe kwanon ɗakin da harawa ko zana ko kara har ruwa ya sauka. Idan idon manyan baƙi ne abin gudu, na yarda a rufe ɓangaren da yake kallon gonaki kaɗai.

(c) Batun Malam Ɗanmusa na bar wa Mai Girma da Allah. Ba na neman a kore shi, yana da iyali.

Idan duk waɗannan sun yi wa Kwamiti nauyi, to ina roƙon abu guda wanda ba ya buƙatar zama ko sa hannu. A turo mini mutum ɗaya kafin Talata, kowane ne, in dai da kakin hukuma a jikinsa. Ya jure wa ɗakin gwargwadon abin da zai iya, ya tsaya inda za ta gan shi, ya faɗa mata da bakinsa cewa su suka kwashe, ba ƴarta ba. Ni zan tsaya a bayansa da kofin ruwa.

Ina neman afuwa idan harshena ya zarce inda ya kamata ƙaramar ma'aikaciya ta tsaya. Allah Ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci.

Taka mai biyayya, mai jiran amsa,

Magdalena Davou (Misis),
Gida mai lamba 14, Layin Ƙarshe.